Yadda Ake Gwada Akwatin Sarrafa Inji Kafin Ya Isa Bakin Rijiya

Duk inda aka kafa famfon sola, ko a lambunan Jiratawa ne ko a fadamun da ke bin Gulbin Maraɗi, za a tarar da wani akwati manne a jikin ƙarfen da ke ɗauke da farantan, kuma a cikinsa ake yanke hukuncin komai: yaushe injin zai tashi, da wane gudu zai juya, da kuma yaushe ya kamata ya tsaya ko da rana tana tsaka. Akwatin yana auna wutar da farantan suke bayarwa, yana auna wadda injin da ke ƙasan rijiya yake ja, ya yi lissafi, ya ba da umarni, sannan ya koma ya auna abin da umarnin ya haifar, kuma yana maimaita wannan zagaye sau dubbai a cikin sakan ɗaya. Wannan shi ne abin da injiniyoyi suke nufi da tsarin sarrafawa, kuma irinsa ne ke aiki a cikin inbatar shago, da janaretan asibiti, da injin motar da aka hauro da ita daga Kwatano, da jirgin sama. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ake sarrafawa da girman hasarar da za a tafka in lissafin ya kauce.

Tambayar da ke gaban duk wanda ya ƙera irin wannan akwati, ko ya sauya manhajar da ke cikinsa, ita ce yadda zai tabbatar da ingancinsa kafin ya miƙa shi ga mai saye. Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a kai shi bakin rijiya, a haɗa, a gani. Sai dai bakin rijiya ba ya nuna wa mutum komai sai abin da ranar ta zo da shi. Babu wanda zai iya kiran gajimare ya rufe rana a daidai lokacin da yake so, babu wanda zai sa ruwan rijiya ya ja baya mita biyar cikin minti goma, kuma babu mai lambun da zai yarda a haɗa wayoyi biyu da gangan don a ga ko akwatin zai kare injin da ya saya da kuɗin noman rani guda. Hanya ta biyu ita ce a yi komai a cikin kwamfuta, a rubuta lissafin rijiya da na inji da na akwatin a bar su su yi ta aiki da juna. Wannan yana da amfani a farkon aiki, amma abin da aka gwada a nan tunanin injiniya ne, akwatin da za a sayar kuwa, da ƴar ƙwaƙwalwarsa mai iyakar sauri da ma'aunansa masu ɗan kuskure, bai shiga gwajin ba.

Hanya ta uku tana tsakanin biyun, ita ce ta zama ruwan dare a masana'antun motoci da jiragen sama da wutar lantarki daga shekarun 1990, kuma injiniyoyi suna taƙaita sunanta da haruffan HIL, daga Turancin “Hardware-in-the-Loop”, wato sa na'urar gaske a cikin zagayen gwaji. Ana ɗauko akwatin na gaske, da allonsa da wayoyinsa da manhajar da za a sayar da shi da ita, a ɗora shi a kan tebur. A wurin rijiya da inji da farantai sai a ajiye wata kwamfuta ta musamman wadda ke ɗauke da siffarsu ta lissafi. Wayoyin da akwatin yake ba da umarni ta cikinsu suna shiga wannan kwamfuta, ita kuma tana lissafa abin da inji na gaske zai yi da ya karɓi umarnin, ta mayar da amsar a matsayin siginar lantarki ta wayoyin da ma'aunai za su yi amfani da su. In an yi aikin da kyau, akwatin ba shi da wata hanyar gane cewa a ɗaki yake, kuma daga nan mai gwaji ya sami ikon kawo gajimare, ko busar da rijiya, ko tsinke waya, sau nawa yake so, ba tare da an ƙona komai ba.

Duk wahalar wannan fasaha ta taru a wuri guda, wato lokaci. Kwamfutar ofis in tana lissafin kwaikwayo ba ruwanta da agogon bango. Tana iya shafe minti goma a kan abin da zai faru cikin sakan ɗaya, ko ta gama lissafin yini guda kafin a sha shayi, kuma amsar ba za ta canza ba. Akwati na gaske ba ya jira. Agogonsa yana tafiya, kuma in lokacin aunawa ya yi zai auna duk abin da ya tarar a kan wayar, ko sabo ne ko tsoho. Saboda haka dole na'urar kwaikwayo ta yanka lokaci zuwa taku-taku masu tsawo ɗaya, a cikin kowane taku ta karanta umarnin akwatin, ta warware lissafin, ta fitar da amsa, kuma ta gama kafin takun ya ƙare. Ba a duba matsakaicin saurinta, ana duba takun da ya fi kowane jinkiri ne. Na'urar da ta cika alkawari sau dubu ɗari ta makara sau ɗaya ta nuna wa akwatin abin da babu injin da zai yi, kuma sakamakon wannan gwaji ya shiga shakka.

Dalilin wannan tsanani yana bayyana in aka dubi abin da jinkiri yake yi wa zagayen sarrafawa. Direban babbar mota da ke ja da baya don ya shiga sito yana aiki da hannun yaron motarsa. In alamar tana iso masa da jinkirin sakan biyu, zai wuce inda ake so kafin ya ga an ce ya karya kai, ya gyara fiye da kima, ya sake wucewa ta ɗaya gefen, alhali ba a faɗa masa ƙarya ko sau ɗaya ba. A lantarki ana iya sa wa wannan lamba. Wutar da ake rabawa a Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, wato kowane zagaye yana ɗaukar milisakan 20, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Jinkirin milisakan ɗaya ke nan ya ci digiri 18 daga cikin 360 na zagayen. Masu ƙira sukan bar wa tsarin sararin aminci na digiri 45 zuwa 60 kafin ya fara lilo, don haka ƴan jinkiri kaɗan in suka taru sun isa su cinye shi. Duk wanda ya taɓa jin janareta yana hawa yana sauka shi kaɗai, kwan fitila yana haske yana dushewa tare da shi, ya ji sautin tsarin da sararinsa ya ƙare.

Tsawon takun da ake buƙata ya dogara da saurin abin da ake kwaikwaya, kuma a nan ne farashi yake rabuwa gida-gida. Tankin ruwa yana cika ne cikin sa'o'i, don haka taku na kashi ɗaya cikin goma na sakan ya wadatar, kuma kowace ƙaramar kwamfuta za ta iya. Motsin injin mota da birkinta galibi ana lissafa su da taku na milisakan ɗaya. Layukan wuta da taransifoma ana bin su da taku na wajen maikirosakan 50, wanda ke ba da awo 400 a kowane zagayen wuta, maikirosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Inbata ita ce mai tsadar sha'ani, domin tana samar da wutarta ne ta hanyar buɗewa da rufe maɓallan lantarki sau dubu goma ko fiye a sakan, kuma dukan umarnin yana cikin tsawon lokacin da maɓalli ya zauna a buɗe. In kowane buɗe da rufe yana ɗaukar maikirosakan 100, na'urar da ke leƙawa duk bayan maikirosakan 50 sau biyu kacal za ta gani, ba za ta bambanta buɗewar kashi 30 cikin ɗari da ta kashi 45 ba. Shi ya sa ake ɗora irin wannan lissafi a kan guntun lantarkin da ake kira FPGA, wanda ake tsara hanyoyin cikinsa su yi lissafi da yawa a lokaci guda, har taku ya sauko ƙasa da maikirosakan ɗaya.

Tsayayyen taku yana zuwa da nasa haraji. Manhajar kwaikwayo ta yau da kullum takan rage taku in abubuwa sun rikice, ta faɗaɗa shi in sun lafa, amma mai bin agogo ba shi da wannan gata, dole ya sauƙaƙa lissafin har ya shiga cikin lokacin da aka ba shi, kuma in takun ya yi wa lissafin girma lambobin suna iya fashewa su nuna lilon da babu shi a zahiri. Hanyar da injiniyan lantarki Hermann Dommel ya wallafa a 1969 don lissafin girgizar layukan wuta tana cikin waɗanda suka jure wannan matsala, kuma har yau a kanta aka gina na'urorin kwaikwayon layin wuta da dama. Haka kuma manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kanta dole ta zama mai cika alkawari. Windows na ofis yana iya ajiye lissafin na ɗan lokaci ya je ya duba wani abu, wanda mai rubuta wasiƙa ba zai lura ba amma ya isa ya ɓata taku masu yawa.

In aka leƙa cikin kabad ɗin gwaji, kwamfutar lissafi ita ce mafi ƙarancin jan ido. Mafi yawan wurin alluna ne na shige da fice: waɗanda ke mayar da lamba ta zama wuta mai ƙarfi kaza don su yi kamar ma'aunin zafi ko na matsin ruwa, waɗanda ke karanta wutar da akwatin ya fitar su mayar da ita lamba, da waɗanda ke magana da shi ta layukan saƙo irin su CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986 kuma motoci ke amfani da shi, ko Modbus na 1979 da ya cika masana'antu da akwatunan famfo. Akwai kuma kayan da ke shan wuta a madadin bawul ko rile, wato maɓallin da wuta ke kunnawa, domin akwati mai wayo yana lura in babu abin da ke jan wuta a bakin wayarsa, sai ya ɗauka an tsinke ta ya ƙi aiki. Wanda ya fi muhimmanci a ganina shi ne allon cusa lahani, wato jerin maɓallan da ke zaune a kan kowace waya, waɗanda da umarni ɗaya za su tsinke ta, ko su haɗa ta da ƙasa, ko da wayar wuta, ko da maƙwabciyarta. Ɓera da tsatsa da hannun mai gyara suna yin duk waɗannan a fili, allon yana yin su ne a lokacin da aka zaɓa, ana kuma rubuta milisakan nawa akwatin ya ɗauka kafin ya gane.

Ba a fara aiki daga wannan tebur. Ana fara gwada dabarar sarrafawa a matsayin lissafi zalla, sannan a mayar da ita manhaja a gwada a kwamfuta, sannan a ɗora manhajar a kan irin ƙwaƙwalwar da za ta zauna a akwatin don a ga ko tana gama lissafi a kan lokaci, sai a ƙarshe cikakken akwati ya hau tebur. Akwai kuma juyin lamarin, inda injin ne na gaske amma kwamfuta mai sauri ta tsaya a matsayin akwatin da ba a ƙera ba tukuna, don a gwada dabara kafin a kashe kuɗin buga allo. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fage sun haɗa da dSPACE da aka kafa a Paderborn ta Jamus a 1988, da RTDS Technologies na Winnipeg a 1994 da OPAL-RT na Montreal a 1997, dukansu biyu a Kanada, sai Speedgoat na Suwizalan da National Instruments na Amurka.

A koma kan famfo, domin a nan ne amfanin abin yake fitowa fili. Masu gyaran sola sun saba jin koke guda daga masu lambu: “Malam, ga inji yana ta kuka tun hantsi, amma ko ɗigo bai faɗo tanki ba.” Sau da yawa babu abin da ya lalace. Tsayin da famfo mai fanka yake iya tura ruwa yana tafiya ne da gudunsa ninki a kan ninki, don haka in gudun ya ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, tsayin ya koma kashi 49. A ɗauki misalin famfon da iyakarsa mita 60 ce in yana cikakken gudu a kan wuta mai juyi 50 a sakan. Ranar da ƙura ta rage hasken rana akwatin ya sauke shi zuwa juyi 35, iyakarsa ta koma wajen mita 29, in kuwa daga fuskar ruwa zuwa bakin tanki mita 40 ne, ruwan zai tsaya a cikin bututu, fanka tana ta markaɗa shi a wuri guda. Haɗarin a nan shi ne injin da ke nutse a rijiya ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne yake sanyaya shi, in ruwa ba ya tafiya zafi yana taruwa. A wannan misali sai gudun ya kai wajen juyi 41 ruwa yake fara fita, in kuma ruwan rijiya ya ja baya da mita 8 a ƙarshen rani, iyakar ta hau zuwa wajen 45. Lambar da aka sa wa akwatin a watan Nuwamba ke nan ba lallai ta yi aiki a watan Mayu ba.

A kan tebur ana iya tafiyar da wannan sauyi duka cikin rana guda, a sauke fuskar ruwa mita bayan mita ana kallon ko akwatin zai gane yana juya inji a banza. Haka ma tashin safe, lokacin da farantan ke nuna cikakken ƙarfin wuta amma ba su da abin da za su ciyar da inji, sai akwatin ya tayar, wutar ta faɗi, ya kashe, ya sake tayarwa, alhali kowane inji yana da iyakar tashin da ya kamata ya yi a sa'a ɗaya. Haka zafin bazara: ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma yana raguwa da wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru, don haka farantin da ya kai digiri 65 a watan Afrilu ya rasa kusan kashi 16. Mafi wuya shi ne rarrabe bushewar rijiya da wucewar gajimare, domin duka biyun suna rage wutar da inji ke ja. Akwatin da ya cika tsoro zai riƙa kashe famfo duk lokacin da hadari ya gilma, wanda ya cika sakaci kuwa zai bar inji ya ƙone a busasshiyar rijiya. Gano tsakiyar yana buƙatar a maimaita yanayin biyu sau ɗaruruwa da ɗan bambanci, abin da ba zai yiwu a lambu ba.

Misalin da ya fi shahara na abin da ke faruwa in aka bar na'urar gaske a wajen gwaji shi ne rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse a tashinta na farko daga Kourou da ke Kudancin Amurka ranar 4 ga Yuni 1996, wajen sakan 40 da kunna ta, tare da taurarin ɗan adam huɗu da take ɗauke da su. Na'urar da ke gaya wa rokar inda ta dosa an gado manhajarta ne daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya a kwance, sai wata lamba da ke da alaƙa da wannan gudu ta wuce 32,767, iyakar abin da gurbin da ake zuba ta zai iya ɗauka. Na'urar ta tsaya, ta ajiya da ke gefenta ita ma ta riga ta tsaya saboda manhajarsu ɗaya ce, babbar kwamfutar rokar kuma ta ɗauki saƙon rahoton lahani a matsayin bayanin tafiya ta karya akalar rokar da ƙarfi. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa a gwajin da aka haɗa sassan rokar ba a sa waɗannan na'urori na gaske ba, an maye gurbinsu da kwaikwayo, kuma da an ciyar da su siginar hanyar da Ariane 5 za ta bi tun a ƙasa, da lahanin ya bayyana. Manhajar dai lafiyayya ce a yanayin da aka rubuta ta dominsa, aka ɗauke ta aka kai wani yanayi ba tare da an sake tambaya ba.

Kayan da ke shigowa kasuwar Maraɗi suna cikin irin wannan hali, ko da yake hasarar ba ta kai ta roka ba. Wutar wannan yanki tana zuwa ne ta layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan a raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma ƙarshen dogon layi a ko'ina a duniya wuri ne da ƙarfin wuta ke saurin sauka in kaya sun yi yawa. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta 2023, har zuwa maido da ita a watan Maris 2024, nauyin ya koma kan injinan gazuwal da janaretocin gidaje da sola. Inbatar da aka daidaita a kan layi mai ƙarfi tana iya rikicewa in aka haɗa ta da ƙaramin janareta wanda juyinsa ke tangaɗi duk lokacin da injin niƙa ko na walda ya tashi. Akwai kuma batun rai: inbatar da ke tura wuta cikin layi dole ta gane an ɗauke wutar gari ta janye, in ba haka ba za ta ci gaba da ciyar da wayar da ma'aikaci ya hau yana zaton matacciya ce. Ƙa'idar IEEE 1547, wadda ta tsara yadda ake haɗa irin waɗannan na'urori da layin wuta, ta ba ta sakan biyu ta yi hakan. Gwada wannan a kan layin unguwa wasa da rayuka ne, a kan tebur kuwa aikin minti kaɗan ne.

In ana son a gwada inbatar gaba ɗayanta da ƙarfinta, ba allon sarrafawa kaɗai ba, sai a sa na'urar ƙara ƙarfi tsakanin kwamfutar da ita, ta yadda layin lissafi zai ba da wuta ta gaske mai kilowat da yawa. Wannan mataki yana da tsada da haɗari, kuma na'urar ƙara ƙarfin tana kawo nata jinkiri, wanda zai iya haddasa lilon da ba laifin inbatar ba ne. Mai gwajin da bai auna jinkirin teburinsa ba zai iya ɓata mako yana gyaran akwatin da lafiyarsa ƙalau.

Cikakken tebur daga waɗancan kamfanoni yana cin miliyoyin sefa masu yawa, ban da lasisin manhaja, kuma wannan ne ke sa a ɗauka fasahar ba tamu ba ce. Ina ganin an yi saurin yanke hukunci. Yawancin abubuwan da ke kashe injinan lambu, wato bushewar rijiya, tashi da tsayawa barkatai, tankin da ya cika ba a kashe ba, sauyawa tsakanin sola da janareta, duk a hankali suke faruwa, taku na milisakan goma ya ishe su. Ƙaramin allon STM32 na ƴan jikkuna zai iya ɗaukar lissafin rijiya da tanki ya yi magana da akwatin ta Modbus, rile kaɗan su zama allon cusa lahani. Scilab da OpenModelica kyauta ne don gina siffar lissafi, kuma Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, tun fitowar sigarsa ta 6.12 a ƙarshen 2024 gyaran da ke sa shi cika alkawarin lokaci ya shiga cikin asalinsa. Wannan aiki ne da ɗaliban fasaha na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi za su iya haɗawa tare da masu gyaran sola na gari. Iyakarsa dai a fili take: irin wannan tebur ba zai ce komai a kan maɓallan cikin inbata ba, kuma duk wanda ya yi da'awar ya gwada su da shi ya wuce gona da iri.

Abin da kuɗi ba sa sayowa daga waje shi ne siffar lissafin kanta. Tebur mai tsada da aka ciyar da rijiyar da ba ta ja baya, da rana mara ƙura, da layin wutar da ba ya tangaɗi, zai ba kowane akwati shaidar lafiya. Lambobin da ake buƙata a nan suke: takardar gwajin jan ruwa da masu haƙa suke yi in sun gama rijiya, wadda ke nuna mita nawa ruwa ke sauka in ana jan kaza a sa'a da yadda yake dawowa, awon zurfin ruwa wata bayan wata, ƙarfin wutar unguwa da aka rubuta dare da rana na tsawon makonni, da abin da farantai ke bayarwa kafin a goge su da bayan an goge a lokacin hunturu. Sau da yawa takardar gwajin rijiya takan ɓace tun kafin a sayo famfo, akwatunan zamani da dama kuma suna ajiye tarihin aikinsu a ciki ba tare da wani ya taɓa saukewa ba. Tattara waɗannan aiki ne na haƙuri da littafi, amma shi ne ke mayar da tebur na Maraɗi.

Wata ribar da ba a cika lura da ita ba ita ce maimaici. Da zarar an rubuta yanayin gwaji, a ce gajimare na sakan talatin a kan rijiyar da ruwanta ya ja baya, ya zama abin ajiya, kuma duk lokacin da aka taɓa manhaja sai a bar tebur ya kwana yana bi ta kan dukan jerin, da safe a duba wanda ya faɗi. Gyaran da aka yi don hana kashewar banza shi ne sau da yawa yake raunana kariyar bushewa, kuma ba a gane hakan sai in tsohon gwajin yana nan ana sake shi. Kowane inji da ya ƙone a lambu, in an binciki dalilinsa, ya kamata ya ƙara yanayi ɗaya a cikin jerin.

Tebur yana gwada hukuncin akwati da saurinsa ne, jikinsa kuwa wani gwaji ne dabam. Ba ya nuna yadda allo zai yi in cikin akwatin ƙarfe ya yi zafi a ranar bazara, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko tsawa ta faɗa kusa a farkon damina, ko tsaka ta shige ta kwanta a kan ƙafafun wuta. Waɗannan suna buƙatar ɗakin zafi da gwajin ƙura da na bugun wuta mai ƙarfi. Bayan su sai a kai akwatin rijiya guda tare da na'urar ɗaukar bayanai, a bar shi ya ratsa bazara da damina, sannan a ɗauki hasken rana da zurfin ruwan da aka rubuta a zuba su a tebur, a jera abin da tebur ya ce da abin da rijiya ta yi. Inda suka saɓa, siffar lissafi ake fara gyarawa, sannan a sake bin dukan jerin gwajin da sabuwar siffar kafin a taɓa manhajar akwatin.